Ribas a Bikin Saratu

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka kai Saratu ɗakin mijinta ba, ko da kuwa na so in manta, domin matan Kebbe sun ɗauki nauyin tuna mini har in tsufa.

Bari in fara daga inda girman kan ya tsiro. Shekarar da na gama karatu a Sakkwato na dawo gida Tambuwal, yayana Bashir ya tafi ƙaro ilimi ƙasar waje, ya bar abu biyu a gida: motarsa da wasansa na tseren mota. Motar irin ta zamani ce, giyarta da kanta take canzawa. In za ka yi baya sai wani ɗan allo ya kunna ya nuna maka abin da ke bayanka, in ka kusa bango kuma ta kama ƙara ɗit-ɗit-ɗit, kamar ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. Shi kuwa wasan, sitiyari ne da ake ɗaurawa a bakin tebur, da abin takawa biyu a ƙasa, a haɗa su da talabijin. Makullin motar kuwa, Baba ne ya jefa shi a aljihunsa. Wasan ba wanda ya kula shi sai ni.

Wata biyar na yi ina tuƙi a falon Yaya. Na ratsa duwatsu masu ƙanƙara, na bi gefen teku, ni da ko Legas ban taɓa zuwa ba. Wani lokaci ina tsakiyar tsere sai in taka birki in tsaya kallon faɗuwar rana a kan ruwa, sauran motoci su wuce ni fuu, ko a jikina. (Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku irin direbar da ake raino.) Amma in na sa kaina, ta ɗaya nake zuwa. In kuma na daki bango, akwai wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin babban yatsana, da na danna sai komai ya koma sabo: mota ba kwarzane, bango bai san an yi ba. Na ƙara da mako biyu a makarantar koyon tuƙi, na karɓi lasin, na riƙa zagaya filin ƙwallon unguwarmu da motar Yaya in Baba ya yi mini izini. A raina, ban ga abin da ya rage ba.

Ana nan sai na samu aikin koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Kebbe. Wanda ya san zaman tasha, a jira bas ta cika, ta tashi, ta sake tsayawa ɗaukar buhun wani, ya san dalilin da ya sa na kwana uku ina tsara maganar da zan yi wa Baba. Na same shi a zaure bayan ɗalibansa na safe sun watse, na durƙusa.

"Baba, da ma makullin motar Yaya ne. Wallahi na iya, ko shi Yayan bai kai ni ba."

"A ina kinka wuce shi?"

"A... talabijin."

Ya dube ni ta saman tabarau. Sannan ya ce, "To. Asabar ga bikin Saratu. Ki ɗauki Gwaggonki Hajo ki kai ta Kebbe, ki maido ta. Abin da ta ce min shi na hukunci. In ta ce kin iya, makulli ya zama naki."

Gwaggo Hajo yayar Baba ce, kuma tun da nake ban taɓa jin ta yabi wani abu ba. In ka ce mata wata ya yi kyau, sai ta ɗaga kai ta ce ya karkace. Saratu kuwa ɗiyar ƙanen mahaifiyata ce, tare muka yi makarantar kwana, gado ɗaya muke kwana in ana ruwa da tsawa.

Ranar Asabar muka kama hanya. Kaka ce, an yanke gero, gonaki sun yi fayau, sararin sama ya wanku tas har ina jin baiti yana son zuwa mini. Gwaggo ta riƙe carbi da hannu ɗaya, ɗayan ta damƙe ƙofa. Da wani mai babur ya matso kusa da mu, motar ta yi ɗit-ɗit.

"Mi ka kuka cikin motag ga?"

"Na'ura ce, Gwaggo. Ita ke gani mini gefe da baya."

"Au, mota ka gani, ke kina riƙon sitiyari? To Allah shi ƙara mata lafiyar ido."

Na yi murmushi irin na wanda ya san abin da tsofaffi ba su sani ba. Kuma gaskiya tafiyar ta yi kyau. Na kauce wa ramuka, na jira jaki mai kayan kara ya gama shawara a tsakiyar hanya, na bi garken shanu a hankali ba tare da na danna hon ba. Da muka isa Kebbe, Gwaggo ta sauko, ta gyara mayafi, ta ce, "Ba laifi." Kalma biyu! Na ji kamar an rataya mini lambar zinariya. Makulli ya riga ya shiga jakata, saura kawai in mayar da ita gida.

Na ajiye motar a wani fili a gefen gidan biki, inda mata suka kafa murahu, hancinta na kallon katanga, ƙarƙashin wani dogonyaro. Lokacin ba komai a bayanta sai ƙasa. Na shige ciki wurin amarya.

Abu biyu suka faru ina ciki, kuma duka daga baya na sani. Na farko, ƙawayen amarya suka ga motar suka ce ai ba wadda ta dace ta kai Saratu Dogon Daji, garin ango, sai ita. Suka ɗaure ta da kyallaye masu sheƙi, suka cika gilashin baya da balan-balan, sannan suka manna kwali mai sunan ango da amarya a kan lambar baya, kamar yadda ake yi wa kowace motar amarya. Ba wadda ta san cewa a nan daidai, saman lambar, ɗan idon kamara yake. Na biyu, Inna Kulu, kakar Saratu ta wajen uwa, wadda duk Kebbe an san ba a haɗa alkakinta da na kowa, ta gama suyar alkakin gara da ta kwana uku tana fama da shi. Cikin gida ba masaka tsinke, rana kuma ta juya, inuwar dogonyaro ta koma bayan motata. Sai aka shimfiɗa tabarmi biyu a nan, aka jera manyan tire-tire a ƙasa, alkaki ya sha iska kafin a shirya shi a kwalla.

Bayan la'asar aka ce a kawo mota ƙofar gida, amarya za ta fito. Na fito cikin leshina ruwan hoda, ina kaɗa makulli a yatsa. Ta gefen katanga na ɓullo, wato ta gaban motar, na buɗe na shiga. Ban zagaya ba. Me zai sa in zagaya? A falon Yaya ba a zagaya mota. Na rufe gilas, na kunna sanyi, na sa ribas.

Allo ya kunna, sai na ga launin ƙasa-ƙasa ya cika shi, ba hanya, ba bishiya. (Bayan kwali ne nake kallo, amma a lokacin cewa na yi ƙila ƙura ce.) Na ɗaga ido ga madubin tsakiya, ba komai sai balan-balan ja da fari. Mai hankali a nan zai sauka. Ni kuwa sai na ce wa kaina, ai akwai mai ƙara, in da wani abu za ta faɗa mini. Na saurara. Shiru. Na ɗaga ƙafa daga birki.

Motar ta fara tafiya a hankali, lallausar tafiya kamar kwalekwale. Ta gilashin gefe na hango mata sun miƙe tsaye, suna ɗaga hannuwa sama, bakuna a buɗe. Wata har da tsalle. Zuciyata ta yi fari. Na ce, Allah sarki, ba su saba ganin mace a sitiyari ba. Jama'a, na ɗaga musu hannu. Ba ɗagawa kawai ba, irin ta manyan baƙi, tafin hannu yana juyawa a hankali, da murmushi.

Sai na ji ƙuras. Sai ƙuras-ƙuras-ƙuras, da wani kwaram na ƙarfe yana lanƙwashewa. Na ce tsakuwa ce. Na'ura dai ba ta ce komai ba, don haka na ci gaba. Ban tsaya ba sai da fuskar Gwaggo Hajo ta bayyana a gilashina, ɗankwali ya zame, tana dukan gilas da takalminta.

Na taka birki. Kuma ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau: kafin in buɗe ƙofa, babban yatsana ya riƙa lalube a jikin sitiyari, yana neman maɓallin nan da ke mayar da komai sabo.

Na sauko. Tire huɗu sun lotse kamar an zauna musu. Alkakin da ke nannaɗe ɗazu kamar awarwaron zinariya ya koma shimfiɗa ɗaya, ruwan sukari yana bin taya yana ɗiga. Ƙamshi kuwa ya cika filin, ƙamshi mai daɗi, wanda ya ƙara wa abin ciwo.

Inna Kulu ta taho tana dogara sanda. Ta sunkuya da ƙyar, ta ɓamɓaro wani yanki, ta ɗaga shi ga haske. Zanen taya ya fito a jikinsa raɗau.

"Shekara arba'in nika yin alkaki," in ji ta, "ban taɓa yin mai zane awa wanga ba."

A nan ya kamata in faɗi ƙasa in ba da haƙuri. Maimakon haka, bakina ya buɗe da kansa ya ce, "Ai ba ta yi ƙara ba."

"Wa?"

"Motar, Inna. In da abu a baya takan yi ƙara."

Gwaggo ta mayar da takalminta ƙafa. "Alkaki dai ya yi ƙara, ɗiyata. Har makwabta sun jiya."

Dariyar da ta fashe a filin nan, ina jin har garin Fakku an ji ta. Wata ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki, wata ta kwaikwayi yadda na ɗaga hannu, sauran suka rangaɗa mata guɗa. Aka fito da Saratu a lulluɓe, kafaɗunta na girgiza, tsofaffi na cewa, "Yi haƙuri, kowace mace da haka ta bar gida." Ni kaɗai na san ba kuka take ba. Da ta zo wucewa ta kusa da ni, ta ce ƙasa-ƙasa daga cikin mayafi, "Direba, a yi mana a hankali." Abokin ango ne ya ja motar zuwa Dogon Daji. Ni a bayan bas ɗin 'yan rakiyar amarya na zauna, tsakanin kwalla da wata mata da ta yi ta tambayata ko a jami'a ake koyar da irin wannan ribas.

Aka ɗaga kai gara. Kwana uku na ƙara a Kebbe a gaban Inna Kulu, ina murza alkama, ina nannaɗewa, tana warware nawa tana cewa in sake. Ba ta yi mini faɗa ba ko sau ɗaya, abin da ya fi faɗa zafi. Ranar ƙarshe ta ba ni guda biyu a leda, ta ce in ci da baki, ba da taya ba.

Ni na tuƙo mu zuwa Tambuwal. Muka shiga zaure. Baba ya ajiye littafi, ya dubi Gwaggo, ya ce, "Yaya, ya hanya?"

"Gaba dai ta iya," in ji Gwaggo. "Ban ga mai yin gaba awa ita ba. Baya na ba a koya mata ba."

Baba, wanda labari ya riga mu isowa wurinsa da kwana biyu, ya shafa gemu yana ɓoye bakinsa. Ya miƙo hannu, na sa masa makulli. Ya ce zangon karatu ɗaya zan yi ina bin bas, kuma duk Asabar in je wurin Malam Umaru, mai tsohuwar akori-kura da ke kai hatsi kasuwanni. Motar Malam Umaru ba allo, ba ƙara, madubinta ɗaya ne, shi ma da waya aka ɗaure. Darasin farko bai bar ni na taɓa sitiyari ba. Zagaya motar ya sa ni yi, in leƙa ƙarƙashi, in faɗa masa abin da na gani. Na ga kaza da 'ya'yanta shida.

Bayan zangon Baba ya ba ni makullin, ba tare da jawabi ba. Har yau ina jin daɗin ɗit-ɗit ɗin nan, ban raina ta ba, amma na gane ita abin da aka koya mata take gani, kuma wanda ya ƙera ta bai taɓa zuwa gidan biki a Kebbe ba. Don haka in kun ga wata malama tana zagaya motarta tana leƙe kamar ta yar da ɗan kunne, ku yi mata uzuri. Ko ba ku yi ba, matan unguwar za su sanar da ku, don da na tayar da mota sai wata ta ɗaga murya ta kan katanga: "A kwashe shanya, Malama za ta yi baya!"