Gamzakin Tarrawee da Fitilunsa Goma Sha Biyu

Duk wanda ya ce garinmu Tarrawee bai haifi babban mutum ba, bai taɓa ganin Mista Clarrie Bantick yana ajiye mota ba. Sauran mutane tsayawa kawai suke yi. Shi kuwa sai ya kewaya sau biyu, ya ba jama'a damar taruwa, sannan ya sauka. Shi ne mai kantin bututun ban-ruwa, amma ya sha bayyana mana cewa kantin riƙon ƙwarya ne kafin ƙasa ta gane darajarsa. Tun ina koyar da shi a aji huɗu na lura da baiwarsa: yana ba da amsa kafin a gama tambaya, kuma kuskure bai taɓa rage masa murya ba.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya, wato shugabancin Ƙungiyar Masunta ta Tarrawee. Al'adar ƙungiyar kuwa ita ce, ranar da ake buɗe kamun kifi a ƙarshen hunturu, a fita da asuba a jere zuwa tafki. Mai neman kujera shi ke jan ayari, shugaba mai ci ya biyo a can ƙarshe. In an isa, a sha shayi, a ɗaga hannu a zaɓi shugaba. Shekara tara ke nan kujerar tana hannun Gwaggo Noeline Triffitt, mai rewayar garinmu, wato mai gyaran wutar mota, tsohuwa gajera wadda ba ta yin magana sai ta zama dole.

Clarrie ya yi nazari mai zurfi, ya gano cewa abin da ya raba shugaba da talaka shi ne haske. Saboda haka ya yi odar fitilu goma sha biyu daga birni: takwas na hangen nesa, kowace kamar faranti, da huɗu na hazo. Ranar wata Asabar da hantsi ya fito da a-kori-kurarsa gaban kanti, inda kowa zai gani, ya shimfiɗa wayoyi a ƙasa, ya naɗe hannun riga. Kafin azahar gari ya raɗa masa suna Gamzaki. Da ya ji, sai ya yi godiya.

Gwaggo Noeline ta zo wucewa, ta tsaya, ta dubi aikin.

"Clarrie," in ji ta, "fitilar hazo ƙasa ake sa ta, kusa da taya, ta leƙa ta ƙarƙashin hazon. Manyan nan kuma ka ba su makunninsu dabam, don ka iya kashe su ka bar na mota."

Gamzaki ya miƙe a kan tsaninsa, ya gyara murya, domin ya ga mutum bakwai suna sauraro.

"Gwaggo, da girmanki da komai, wannan ilimin zamanin aci-bal-bal ne. Ni fitilata ba ta rarrafe. Wanda zai ja jama'a, daga sama haskensa ke saukowa. Batun makunni kuma, gida mai shugaba biyu ba ya zama lafiya. Makunni ɗaya, umarni ɗaya."

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji ta, ta wuce sayen burodi.

Haka kuwa aka yi. Ya jera duka goma sha biyun a kan rufin mota, ya tattara wayoyinsu har da na fitilun motar na asali, ya ɗaure su a jikin wani jan makunni mai girman murfin tulu. Da ya gwada su a rumfarsa da magariba, zakarun unguwa suka yi cara, wata maƙwabciya ta fito da shanya. Ya ɗauki wannan a matsayin mubaya'a.

Ranar fita ta zo da hazo irin na kwarinmu, fari fat, mai kauri kamar kindirmo. Mota goma sha huɗu suka jeru a gaban gidan waya, tawa ce ta shida. Gamzaki ya ɗauki oba-oba ya yi wa ayari jawabi.

"'Yan'uwa, ku kwantar da hankalinku. Wanda ya ga bayan motata ya ga hanya. Yau za ku ba jikokinku labari."

Ya danna jan makunni. Abin da ya biyo baya, duk ɗan aji huɗu da ya saurari darasi ya san shi: haske mai ƙarfi in ya daki hazo daga sama, komowa yake yi cikin idon mai shi. Gamzaki ya sami kansa zaune a gaban farin bango. Ya kashe, duniya ta yi baƙi ƙirin, domin makunni ɗaya ne, umarni ɗaya. Ya sake kunnawa. Tsakanin makanta biyu ya zaɓi mai tsada, ya taka mai.

A bayan gari akwai garken da ake gwanjon tumaki, hanya ta kewaye shi kamar zobe, kuma daga jikin zoben ne hanyar tafki ta ɓalle ta hagu. Gamzaki yana bin shinge da gefen ido, ya wuce mararrabar ba tare da ya san da ita ba. Mu kuma muka bi shi, tunda an ce wanda ya ga bayan motarsa ya ga hanya. Jim kaɗan sai ya hangi jajayen fitilu biyu suna lilo a gabansa.

"Wane marar kunya ne ya shiga gaban ayarina?" in ji shi ta oba-oba. "A kauce, shugaba na tafe."

Bakinsa na faɗin haka, hannunsa na bin fitilun nan kamar ɗan akuya a bayan uwarsa, domin su kaɗai yake gani a duniya. Motar Gwaggo Noeline ce, ta ƙarshe a ayarinsa. Ita tana bin ta sha uku, ta sha uku tana bin ta sha biyu, har zuwa kansa. Maciji ya kama wutsiyarsa. Tumaki suka taso suka jeru a jikin shinge suna kallonmu muna wucewa. Na ƙirga akwatin wasiƙa guda ɗaya sau shida, ina mamakin yadda mutanen wannan hanya suka haɗa baki wajen fenti. Shi kuwa yana ta ba mu rahoto: mun wuce gada, mun fara hawan dutse, a kula kada kangaru ta tsallako titi.

Gwaggo Noeline ta gane tun zagaye na farko, domin cikin motarta ya yi haske har tana iya zura zare a allura. Ta bar mu muka yi shida saboda, a cewarta, ba ta son katse wa mai jawabi hanzari. A na bakwai ta karkata hagu. Gamzaki ya bi ta, muka bi Gamzaki. Rashin sani, in ji masu magana, ya fi dare duhu. Ranar na ƙara da cewa ya fi rana haske.

Muka isa tafki rana ta fito, masuntan garin gaba sun riga sun kame duk wuraren kirki. Aka dafa shayi, aka gasa nama aka cusa a burodi. Kafin a ɗaga hannu, Gamzaki ya hau bayan motarsa.

"Jama'a, ku shaida. Cikin hazon da ba a ga irinsa ba, na jawo mota goma sha huɗu, ko ɗaya ba ta ɓata ba. Duk da wani ɗan iska da ya tare mini gaba tun daga gari, wanda in na gane shi zai gane kurensa."

Gwaggo Noeline ta hura shayinta.

"Ni ce 'yar iskar, Clarrie. Ka iya bin mutum, wallahi. Shekara tara ban sami mabiyi kamarka ba."

Aka ɗaga hannu. Goma sha uku suka tashi wa Gwaggo. Na goma sha huɗu ma ya tashi, domin Gamzaki ya ga hannaye a sama, kuma ya riga ya saba.