Ginin da Ya Rushe Yana Tsaye

A wani gari da ake kira Ankammala, akwai wata jami'a mai suna Jami'ar Sai-An-Rubuta. A cikinta akwai Sashen Zanen Gine-gine, wanda yake zaune a wani tsohon sito na ajiye gyaɗa, domin ginin da aka yi niyyar yi wa sashen shekara ashirin da suka wuce, har yau malamansa ba su daidaita a kan inda ƙofarsa za ta kalla ba.

Kowane malami a sashen da fannin da ya sa a gaba. Farfesa Turai Bawa ta ƙarar da ƙuruciyarta a kan taga: tsawonta, faɗinta, da halin da iska ke shiga idan ta ratsa ta. Dakta Sha'aban masanin matakalar bene ne, a garin da bene ɗaya ne tak, shi ma mai shi ya rufe saman ya zuba albasa. Babbansu kuwa shi ne Farfesa Ɗayyabu Rugu, gwanin ilimin rushewar gini. Takardar bincike arba'in da biyu ya rubuta, duk a kan magana ɗaya, wato ginin ƙasa ba ya wuce damina uku. Da wannan maganar ya zama farfesa, da ita ya hau jirgin sama sau tara, da ita kuma ya aurar da 'ya'yansa.

Sai Dakta Tanimu Gagare. Shekararsa goma sha tara a kan muƙami ɗaya. Cikin ɗaliban da ya koyar har wani ya zama shugaban sashen, kullum da safe Tanimu ne yake fara gaishe shi. Fanninsa ginin ƙasa ne, tubali da azara da yaɓen makuba. Mutum ne mai haƙuri da son jama'a, amma yana da wani aibi da abokan aikinsa ba sa son ambata a gaban baƙi: ya taɓa yin gini.

Yadda abin ya faru shi ne, wata rana ya je cefane Kasuwar Sai-Haƙuri, ya tarar da Inna Ladidi, shugabar masu sayar da kayan miya, tana zubar da rabin kwandon tumatir da rana ta dafa. Abin ya tsaya masa a rai. Ya zana musu zaure, ya tara magina, shi da kansa ya naɗe wando ya shiga kwaɓa ƙasa. Zauren ya fito da faɗi, ga rufi mai baka, ga sanyi kamar cikin randa. Tumatir ya riƙa kwana huɗu bai yamutse ba. Shekara bakwai mata arba'in suna ciki suna kasuwancinsu.

Da lokacin ƙarin girma ya zo, Tanimu ya ga takarda ɗaya ce ta rage masa ya cika ƙa'ida. Sai ya ɗauki hoton zauren ya haɗa da takardunsa, ya miƙa wa Kwamitin Ɗaga Likkafa, wanda Farfesa Rugu ke shugabanta.

Farfesa Rugu ya ɗaga hoton da yatsa biyu. "Dakta, wannan mene ne?"

"Gini ne, ranka ya daɗe. Zauren 'yan kayan miya."

"Shafi nawa ne?"

"Ba shi da shafi. Ƙofa huɗu gare shi."

"A wace mujalla ya fito?"

"A kasuwa ya fito, ranka ya daɗe, bayan layin 'yan kifi."

"Da me ka gina shi?"

"Da ƙasa."

Farfesa Turai ta cire tabarau. Farfesa Rugu ya tambayi shekarar da aka yi ginin, aka gaya masa. Ya miƙe ya ɗauki alli, ya rubuta bakwai a allo, ya cire uku, ya ja layi. Sannan ya juyo da fuskar juyayi.

"Ginin nan ya rushe shekara huɗu da suka wuce. Allah ya jiƙan waɗanda abin ya rutsa da su."

"Amin," in ji Dakta Sha'aban.

Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, da safen nan na sayi attaruhu a cikinsa. Tafiyar minti goma ce daga nan. Ku zo mu je ku gani."

Farfesa Rugu ya ce, "Dakta, mu ba 'yan kallo ba ne. Gani ba ya cikin hanyoyin binciken da jami'a ta amince da su. Takarda arba'in da biyu sun ce ya faɗi. Kai takarda nawa gare ka da ta ce yana tsaye?"

Tanimu ba shi da ko ɗaya. Aka rubuta a rahoto cewa mai neman ƙarin girma ya gabatar da kango, aka sa hannu, aka tashi.

A garin Ankammala duk rahoton da ya fito daga jami'a sai an karanta shi a Majalisar Na'am, inda Mai Gari Alhaji Nabara ke zama da 'yan majalisarsa. Da aka zo kan batun zauren, Mai Gari ya buga sandarsa a ƙasa.

"Gini ya faɗa wa talakawana shekara huɗu, ba wanda ya gaya mini? Ko jaje ba mu je ba! Me za a ce da mu?"

"Na'am," in ji majalisa.

Ranar Laraba aka ɗunguma kasuwa, Mai Gari a gaba, jami'an Hukumar Jaje da Gaggawa a baya da motar shinkafa da barguna. Da farko an shirya kujeru a fili, amma rana ta ƙwalle har zufa ta fara ɗiga daga rawunan manya, sai aka kwashe kujerun aka shigar da su cikin zauren. Mai Gari ya zauna daidai ƙarƙashin bakan rufin, ya ja numfashi, ya ce da na kusa da shi, "Kai, kangon nan akwai ni'ima."

Ya yi jawabi mai ratsa zuciya. Ya ce duk wanda ya dubi wurin nan ya san an sha wahala. Wani ɗan majalisa ya yi kuka har ya jingina da bango.

Inna Ladidi ta miƙe ta gyara mayafi. "Allah ya ja zamaninka, mun gode da zuwa. Amma ba abin da ya faɗo mana. Ga rufi nan a kanka."

Shugaban Hukumar Jaje ya matso ya raɗa wa Mai Gari cewa wannan sanannen abu ne, waɗanda gini ya danne sukan ɗauki shekaru ba su san ya danne su ba. Mai Gari ya girgiza kai cikin tausayi.

"Sannu, Inna. Allah ya ba ki lafiya."

"Lafiyata ƙalau!"

"Kun ji ko?" in ji Mai Gari. "Abin ya taɓa ta sosai."

Aka sanar da cewa shinkafa da bargo na wanda ya dangwala yatsa ne a takardar cewa bango ya faɗa masa. Matan suka dubi juna. Mai albasa ce ta fara tashi, tana ɗingishi da ƙafar hagu, da ta karɓo buhunta ta dawo tana ɗingishi da ta dama. Mai kuɓewa ta ɗaure kai da tsumma. Kafin la'asar an sami mutum sittin da uku da gini ya danne, a zauren da ke ɗaukar arba'in. Inna Ladidi kaɗai ta ƙi, ta zauna a kan kwandonta tana tsaki.

A jami'a kuwa kaka ta yi. Farfesa Turai ta rubuta takarda a kan rawar da ƙarancin taga ya taka a masifar. Dakta Sha'aban ya tabbatar da cewa da akwai matakala, da mutane sun gudu sama. Aka shirya taron ƙara wa juna sani na kwana biyu, aka ci kaji.

Bayan wata ɗaya majalisa ta lura cewa barin mata suna zama a cikin kango haɗari ne, ta ba da umarnin a kwashe ɓaraguzan. Sai dai doka ta ce ba a kwashe ɓaraguzai sai wanda ya zana ginin ya sa hannu cewa ɓaraguzai ne. Farfesa Rugu da kansa ya kawo takardar ofishin Tanimu, abin da bai taɓa yi wa na ƙasa da shi ba.

"Dakta, ni fa ina ƙaunarka. Takarda ɗaya ta rage maka. Duk duniya ba wanda ya san ginin nan kamar kai. Ka sa hannu a nan, sannan ka zauna ka rubuta mana dalilan rushewarsa. Ni zan duba ta da kaina."

"Ranka ya daɗe, bai rushe ba."

"Ai shi ya sa za a kwashe shi, don magana ta daidaita."

Da yamma Inna Ladidi ta zo gidansa da kwanon tumatir. Ta ce, "Malam, na ji abin da suke so ka yi. Mu jahilai ne, 'yan'uwana sun dangwala don shinkafa. Kai mai ilimi ne. Ka tsaya mana."

Tanimu ya yi mata alkawari, kuma har ga Allah da gaske yake. Kwana goma sha ɗaya takardar na kan teburinsa, ya ɗora kofin shayi a kanta. Rana ta sha biyu aka yi taron manyan malamai, kujeru suka kasa. Shugaban sashen, wanda Tanimu ya koya wa riƙe fensir, ya leƙo ya ce, "Malam, ɗan taimaka ka kawo mana kujerarka, tunda kai ba ka cikin taron." Tanimu ya ɗauki kujerar ya kai. Ya dawo ofishinsa ba wurin zama, ya tsaya a tsaye ya sa hannu.

Aka fitar da matan da kwandunansu, aka kawo katafila. Direbanta, wani ƙato mai suna Gwadabe, ya ce kafin azahar ya gama. Ya daki bangon gabas, bango ya zubar da ƙura kaɗan. Ya daki na yamma, haƙorin katafila ya lanƙwashe. Kwana uku ana abu ɗaya, jama'a sun taru suna kallo, masu gyaɗa da rake suna ciniki. Farfesa Rugu ya gaya wa 'yan jarida cewa a duk aikinsa bai taɓa ganin ɓaraguzai masu taurin kai irin waɗannan ba.

A rana ta huɗu Gwadabe ya sauko, ya ratsa taron ya sami Tanimu a bayan wata rumfa.

"Malam, an ce kai ka gina shi. Don Allah ka rufa mini asiri, maigidana ya ce in ban kayar da shi yau ba in ajiye makulli. Ina zan daka?"

Tanimu ya daɗe yana kallon zauren. Ya tuna ranar da suka ɗaure bakan rufin, da yadda magina suka yi ta kabbara da aka zare katakon tallafi rufi ya tsaya da kansa. Ya hangi Inna Ladidi can gefe tana kallonsa. Sai ya kawar da kai, ya ɗaga hannu ya nuna wani wuri a gindin bakan, daidai kafaɗar mutum.

Duka ɗaya Gwadabe ya yi.

Takardar Tanimu ta fito a mujalla bayan wata biyu, shafi ashirin da shida, kowa ya yaba. Aka ɗaga likkafarsa. Ranar da aka fara kiransa Farfesa, sai da ya shiga ofis ya rufe ƙofa ya maimaita wa kansa sau uku.

Majalisa ta ba sashen aikin zana sabuwar kasuwa, wannan karon da kankare. Farfesa Turai ta sa mata taga casa'in, rana na shiga ta kowace kusurwa. Dakta Sha'aban ya sa matakala uku masu kyau, kowace ta hau ta ƙare a jikin rufi. Farfesa Rugu ya rubuta takarda ta arba'in da uku, inda ya tabbatar da cewa ginin kankare shekara ɗari yake yi cif. Daga nan aka gayyace shi ƙasar waje ya yi bayani, ya bar wa Farfesa Tanimu riƙon kujerarsa da hatiminsa.

Wata takwas da buɗe kasuwar, damina ta faɗi. Wata safiya Inna Ladidi ta shigo ofishin ba sallama, da mata biyar a bayanta, zanensu duk garin siminti.

"Malam, ginin nan ya tsage. Shekaranjiya yatsa ke shiga, jiya hannu, yau da safe akuya ta wuce ta ciki. Ginshiƙin tsakiya yana ƙara kamar ana tauna ƙashi. Mun fito da kayanmu waje, 'yan doka sun ce mu koma, sai in kai ka rubuta cewa akwai haɗari."

Farfesa Tanimu ya san abin da ƙarar ginshiƙi ke nufi, ya fi kowa a garin sani. Ya dubi matan, ya dubi hatimin da ke gabansa, ya gyara zama a kan sabuwar kujerarsa mai juyawa. Sannan ya jawo takarda ta arba'in da uku ya buɗe, ya ɗauki biro ya yi ɗan lissafi a gefe.

"Inna, ku kwantar da hankalinku. Saura masa shekara casa'in da tara da wata huɗu. Ku koma ciki."

Inna Ladidi ta buɗe baki za ta yi magana, sai aka yi tsawa. Ɗaya daga cikin matan ta leƙa waje ta ce hadari ya haɗo daga gabas, ga kayansu a fili, gara su yi sauri su shigar da su kafin ruwa ya sauko.