Tsakuwa Bakwai a Hoton Kaka

"Lafiya lau, in ana kiran wannan lafiya," in ji Kaka, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Kwana uku ke nan tsohuwar tana yajin cin abinci. An yi mata hoton mara saboda zafin fitsari, ta hango fararen ɗigo bakwai a jiki, nan take ta zama likitar kanta: tsakuwar shinkafar surukarta ce ta taru. Amma gaskiyar magana tsoro ne ya cika ta, don ɗakin tiyata aka shiga da mijinta bai fito da rai ba. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa aka kira jikanta, mai ɗaukar hoto a asibiti. Ya tsaya bakin taga ya ɗaga hoton.

"Amarya, ashe gini kike yi a ciki ba labari? Da kin faɗa ai na kawo siminti."

"Rufe min baki, mijin banza. Babarka ce 'yar kwangilar. Shekara talatin tana ɗura min tsakuwa."

"Da wane haƙorin kika gano ta? Biyun nan da suka rage?"

"Su suka tauna maka nama kana yawo ba wando."

"Na gode. To saurara. Abin da aka haɗiye hanji yake bi ya fice. Waɗannan kuwa cikin jijiyoyin jini na ƙugu suke. Ɗan jini ne ya daskare tun tuni, ya ƙandare. Hanyar fitsarin ga ta nan gefe, wayam. Likita ma haka ya rubuta, ke ce kika hana a karanta miki."

"Zafin fitsarin fa, sarkin sani?"

"Ƙwayar cuta ce. Maganinta shi ne wanda kike ɓoyewa ƙarƙashin matashi."

"Gidan nan dai ba ya rasa 'yan rahoto."

"Tsofaffi da yawa suna da irin ɗigon nan. Furfura ce ta ciki, ba ta cizo."

"Kai da sanƙo ya cinye tun kafin aure kake maganar furfura?"

Ta hau murza bakin zanenta. Da ta sake magana, muryar ta yi ƙasa sosai.

"Wato ba za a yanka ni ba?"

Tausayinta ya kama shi. Ya ajiye hoton ya durƙusa gabanta.

"Ba yanka, Kaka. Ko allura babu. Wa zai dakushe wuƙarsa a wannan fatar?"

Ta kai masa duka da mafici, tana dariya tana share ido. Can ta jawo akwati ta ciro sabon turmin zane.

"Ka ce wa babarka ta kawo shinkafar. Wannan kuma ka ba ta."

"In ce kin ba ta haƙuri?"

"Ka ce kai ka saya. In ka tona min asiri, ka nemi wata amaryar."