Yadda Za Ka Sauƙaƙa Wasan Baba Aghali Har Kowa Ya Watse

Bi matakan nan shida, kada ka tsallake ko ɗaya, na yi maka alkawari cikin mako biyu babu wasan da zai ƙara wahalar da kai. Gajere mai gyaran babur ya gwada su a Tanut, sun yi masa aiki fiye da yadda ya roƙa.

1. Nemi wasan da wani ya sha wuya a kansa

Na Gajere shi ne Ayari, wanda Baba Aghali, tsohon direba, ya ƙirƙira. Bayan la'asar ake shimfiɗa tabarma a rumfar mai shayi, kowa ya zama wani: madugu, mai raƙuma, mai magani. Baba na ba da labarin tafiya zuwa Agadas, ƙwayar lido na yanke abin da ya faru. Dokokin sun cika kaye, littafin rubutun nan na 'yan lakwal masu zuwa boko, shafi arba'in. Kowa na da tsakuwa goma a gwangwanin tumatir. Su ne ruwan salkarsa, in sun ƙare ya mutu.

2. Ka mutu sau uku

Gajere ya mutu da ƙishirwa Litinin, Talata da Alhamis. Ran Juma'a ya gano cewa dokokin sun yi yawa. Duk mai gyaran duniya daga nan yake farawa.

3. Kada ka ce "ni", ka ce "jama'a"

"Baba, jama'a na son shiga, kayen nan ne ke korarsu," in ji Gajere.

Fara da inda kake da gaskiya. Akwai shafi uku a kan miki a bayan raƙumi, kuma ba wanda ya taɓa jin daɗinsu. Baba Aghali ya yi dariya, ya ɗauki bik, alƙalaminsa, ya soke su. Washegari mutum biyu suka ƙaru a tabarma. Ajiye wannan gaskiyar da kyau, da ita za ka yanka sauran.

4. Yanzu ka nufi tsakuwa

Shafi na sha tara ya ce in ayari ya tarar da baƙo kwance da ƙishirwa, kowa ya dunƙule abin da zai ba shi a hannu, a buɗe lokaci ɗaya. Ɗan Azumi mahauci ya taɓa buɗe hannu da tsakuwarsa duka, ya mutu saura kwana ɗaya a shiga Agadas. Mako guda aka yi ana gardama: kyauta ya yi, ko iyalinsa ya zalunta? Ni har yau ban yanke ba.

Irin wannan ɓata lokaci ne. Gajere ya ce, "Baba, wasa ne fa. Wa ke zuwa rumfa don ya ji ƙishirwa?"

"To in babu ƙishirwa, me za ka ba baƙon?"

"Sai mu cire baƙon."

Baba ya dube shi, ya dubi sababbin shiga biyu suna gyaɗa kai, ya miƙa masa bik.

5. Ci nasara

Ranar kowa ya isa Agadas lafiya kafin shayin farko ya tafasa. Gajere ne ya fara shiga gari.

Ɗan Azumi ya ce, "Shi ke nan? Kai Gajere, ko ɗan kabu-kabu ya fi wannan labari in ya dawo daga Tarka." Ya zaro wayarsa. Kada ka damu, hassada ce.

6. Karɓi gado

Kwana huɗu bayan nan Baba Aghali ya ajiye kaye da gwangwanaye a gaban Gajere. Gajere ya yi ta suka har shafi ɗaya ya rage ba a soke ba.

"Riƙe. Kai ne madugu yanzu."

Baba bai sake zuwa rumfa ba. Sababbin shiga suka koma lido, don sun ce ya fi rikici. Gajere ya shimfiɗa tabarma shi kaɗai, ya jefa ƙwaya, shida ta fito, ya ɗaga kai ya rasa wanda zai nuna wa.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Sauƙi ya yi maka alkawari, ba abokan zama ba. In ka wayi gari kamar Gajere, tsaye a ƙofar gidan tsoho da gwangwanin tsakuwa a hammata, ka yi sallama, aka ce wane ne, ka ce, "Baba, baƙo ne," muryar ta amsa daga ciki, "Ai kun cire baƙo," to kada ka ambaci sunana.