Rasuwar Baturiya Mai Ludayi Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da sallamawa ga hukuncin Mai Duka, Malam Ɗantani Magaji, mai kula da tashar duba yanayi da ke kan tudu a gefen dam ɗin Bakolori, yana sanar da jama'ar Maradun da Bakura da Talata Mafara rasuwar abokiyar aikinsa, na'urar auna gudun iska, wadda aka fi sani da Baturiya Mai Ludayi Uku. Ta cika ranar Laraba da hantsi, bayan ta faɗo daga kan turkenta na ƙarfe mai tsawon kamu ashirin.

Marigayiyar ta zo ƙasar nan cikin akwati tare da Turawan aikin dam. Shekara huɗu ta yi tana juya ludayanta, rani da damina, ba ta taɓa neman hutu ba. A zamanin da alkawarin baka ya fi gero araha, ita kaɗai ce ba a kama da ƙarya ba: abin da iska ta yi, shi take faɗa. Masu feshin magani ba sa fita sai sun ji ta bakinta. Gwaggo Batulu ma, da ta rantse ba ruwanta da kayan Nasara, sai ta saci kallonta kafin ta ɗauki ƙwaryar shiƙa.

Injiniyan da ya kafa ta ya ce a sa mata mai sau ɗaya a shekara ya ishe ta. Malam Ɗantani kuwa kullum safiya yana kan tsani, da man gyaɗa da gashin kaza. An yi masa ba'a har an gaji, wai ko amarya ba ta samun wannan gata. Matarsa Taibatu kaɗai ta san abin da ke kai shi. Ruwan dam ya cinye ƙauyensu, da gonarsu, da kabarin mahaifinsa. Daga kan turken nan ne kawai ake hango kan tsamiyar da ke kusa da kabarin, yana leƙowa daga tsakiyar ruwa. Ba mai hawa turken hukuma ba dalili, Baturiya ce dalilinsa.

Gatan nan shi ya zama ajalinta. Man gyaɗa ya daskare mata a wuya. Muryarta mai daɗi, "sir-sir-sir", ta koma "ƙiii, ƙaƙ". Ran Laraba ya hau ya kwance ta don ya wanke ta da kananzir, tana hannun hagu, sifana na dama. Sai ya ɗaga ido kamar yadda ya saba. Daminar bana ta cika dam fal, babu tsamiya, ruwa ne shimfiɗe har ƙarshen gani. Bai san lokacin da ya sake su ba.

Injiniya ya taɓa gaya masa cewa mai nauyi da marar nauyi tare suke isa ƙasa, sai wanda iska ta tallafa, shi kuwa ya yi gardama. Ranar ya gani da idonsa. Baturiya da sifana tare suka sauka, ƙara ɗaya, "kwaram", kafin ya kai ƙarshen salati. Tsohuwar hularsa da ta zame tare da su sai ta yi ta lilo, ta sauka lafiya lau. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan: iska ta tallafi hular banza, ta saki wadda ta yi mata bauta shekara huɗu.

Ta rasu ta bar ƙanwarta, kibiya mai nuna inda iska ta fito, da kwanon auna ruwan sama, da Malam Ɗantani, wanda ba ya ɗora wa kowa laifi sai kansa. Ofis ya ce sabuwar da za a kawo a Talata Mafara za a kafa ta, wannan turke kuma za a cire shi ranar Asabar.

Za a binne ta gobe bayan Azahar a gindin turken, ban da ludayi ɗaya da Taibatu ta roƙa a bar wa mijinta. Zaman makoki a nan ne har zuwa Asabar. Wanda ya zo ta'aziyya ya tarar da shi a sama, don Allah ya zauna ya jira, kada ya kira shi. Yana duba ko ruwan ya ɗan ja ne.