Na'urorin Gulma a Gidan Kaji

Na rantse ba za ku yarda ba, amma ni ban taɓa yin ƙarya kyauta ba.

Wani ne yake kula da gidan kajin matar yayansa. Aikin ba wuya: ya zuba abinci, ya zuba ruwa, rana na yin tsaka ya miƙe kan buhunan dusa. Wannan barcin shi ne duk abin da ya mallaka a duniya.

Ran nan matar yayan, wato Hajiya, ta kawo injiniya, ya liƙa wasu 'yan na'urori goma sha biyu a bango, kowace kamar kwalin ashana.

Mutumin ya ce, "Injiniya, mene ne aikinsu?"

"Barci. Don kada batir ya ƙare. Duk minti goma sai su farka tare, su gaya wa juna abin da suka samu, su tura wayar Hajiya, su koma."

"Tare?"

"Tare. Agogonsu ɗaya."

Washegari ya kwanta kenan, fitilunsu suka ƙifta kore a lokaci guda. Waya ta yi ƙara. Hajiya ce.

"Ɗaki na uku ya ɗau zafi. Tashi ka buɗe tagogi."

Tashi. Wa ya gaya mata a kwance yake? Ya ɗaga kai ya dubi bango, ya ce, "To. Sannunku."

Ya gwada barci a zaune. Ya gwada a tsaye, da tsintsiya a hannu. Ya rufe fuska da buhu. Duk minti goma sai su ƙifta masa ido.

Sai ya zauna ya yi tunani. Gulma ai sai an haɗu. Ya ɗauko tsani, ya cire wa ta farko batir, ya mayar. Ya je ya sha ruwa, ya dawo kan ta biyu. Kafin la'asar kowace da nata lokacin. Ya yi barcin da rabonsa da irinsa tun yana goye.

Kwana huɗu, na'urorin duk suka mutu. Hajiya ta zo da injiniya, ta tsaya riƙe da ƙugu.

Injiniya ya buɗe ɗaya, ya ce, "Batirin shekara biyu ne wannan. An ɓata musu agogo. Wadda ta farka ba ta tarar da kowa ba, ba ta komawa barci. Sai ta yi ta kiran 'yan'uwanta har ta ƙare."

Mutumin ya girgiza kai. "Allah sarki. Wa zai yi wannan rashin imani?"

Hajiya ta ce, "Injiniya, ba su ɗauki hoton wanda ya taɓa su ba?"

"Ina! Ba su da ido, ba su da kunne. Zafi da laima kawai suke aunawa."

Mutumin ya tafa hannu.

"Haba, Injiniya! Ai da ka faɗa tun farko, da na bar su sun yi barcinsu, ni ma in yi nawa!"