Lod na Shisha da Rabin Littafi

"Duk Makka babu wanda ya san siyasa irina, domin ni daga Turawa na ɗauko ta, ba a bakin titi ba!"

Abdulganiyyu ke nan, sarkin cika baki, mai kula da masu share bas lokacin aikin Hajji. Abokina, idan ka ji shi yana zuba sai ka rantse a Landan aka yanke masa cibi, alhali iyakarsa aji uku a sakandaren Zariya.

Abin da ya kunna shi wani littafin Turanci ne da wani alhaji ya manta a bas a Muzdalifa. Ƙagaggen labari ne na wani ɗan sarautar Ingila, Lod Marbilton, wanda ya shiga neman kujerar majalisa. Sai dai rabin littafin na baya ya yage. Gogan naka bai damu ba, ya haddace rabin da ya samu, har ya sa aka sassaƙa masa hatimi mai cewa "Lod na Shisha", wato sunan unguwarsu a Makka.

Ana nan sai zaɓen shugaban ƙungiyar Hausawan unguwa ya zo. Kujera ce mai maiƙo, don shugaba ne ke zaɓen waɗanda za su tafi aikin abinci a Arfa. Abokin karawarsa kuwa Tsoho ne mai tsire, mutumin da ya sauke shi a gidansa shekara ashirin da suka wuce.

"Abu Dalal, ka ji kunya mana," in ji matarsa Rakiya, wadda ke kiransa da sunan 'yarsu irin na Larabawa. "A tabarmar Tsoho ka fara kwana a ƙasar nan."

"Lod ba ya kunya, Rakiya. Lod dabara yake yi."

Dabara ta farko, shan shayin ƙarfe huɗu, yadda Marbilton ya yi wa masu zaɓensa. Mutum arba'in suka zo da yunwarsu, suna tsammanin shinkafa da rago. Aka miƙa wa kowa ɗan kofi da yankan burodi mai kokwamba a ciki.

"Ya Shekh, ina naman?" wani dattijo ya tambaya yana leƙa cikin burodin.

"Cika ciki ba wayewa ba ne."

Kafin magariba duk wayayyun suna gaban tukubar Tsoho.

Dabara ta biyu, kwat mai ciki uku da malafa, da dokar cewa Lod ba ya durƙusa wa kowa, kai kawai yake ɗan kaɗawa. Ya kaɗa wa dattawa kai sau biyu cikin zafin ranar Makka, a na uku ya zube sumamme. Hassan, ƙanen Rakiya, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda shi kaɗai ya rage yana yi masa yawon neman ƙuri'a, shi ya ɗauko shi a kafaɗa.

Sai dabara ta uku, kuma a nan ne ni dariyata ta ɗauke. A shafi na ƙarshe da ya rage, Marbilton ya rubuta wasiƙar ɓoye yana tona asirin amininsa. Abdulganiyyu ya zauna ya rubuta wa hukuma cewa a shagon Tsoho ana tara marasa iƙama, wato takardar izinin zama. Bai sa suna ba. Amma da yake Lod ba ya aika takarda haka tsurarta, ya danna mata hatimi.

Da hantsi jami'ai suka tsaya a shagon. Tsoho haifaffen Makka ne, ya ciro katinsa na ɗan ƙasa yana murmushi. Mutum ɗaya aka samu ba takarda: Hassan, wanda ya je roƙon masu cin tsire su zaɓi mijin yayarsa. Suna saka shi a mota babbansu ya ɗaga murya.

"Wane ne Lod na Shisha? Ku ce mun gode da wasiƙarsa."

Rakiya ta yi kuka har muryarta ta dishe, don ta san ƙarshen abin jirgi ne zuwa Kano.

Ranar zaɓe, tsarin ƙungiya shi ne kowa ya tsaya layi bayan gwaninsa. Layin Tsoho ya kai bakin masallaci ya lanƙwasa, Rakiya ce ta biyu a ciki. Abdulganiyyu ya waiga bayansa, bai ga komai ba sai inuwar malafarsa.

'Yarsa Dalal, malamar makaranta, ta matso da waya a hannu.

"Ya Baba, na nemo maka sauran littafin. Khalas, na gama karantawa."

"Yauwa! Faɗa musu yadda Lod ya ci zaɓe."

"Bai ci ba. Marubucin ma wawa yake kiransa. An gane wasiƙar, matarsa ta bar shi, ya fita daga garin da ƙafa ba wanda ya bi shi sai karensa."

Rakiya ta leƙo daga layi, ta nuna kyanwar gidansu da ke zaune a gindin ƙafar Tsoho tana lasar baki.

"To Baturen ma ya fi ka jama'a, Abu Dalal. Taka ga ta nan, ta riga ni shiga layi."